Kamshaf mai taya a tsohon injin 350: abin da na gani bayan wata takwas

Motar tsohuwar akori-kura ce, Chevrolet C10 ƙirar 1979, na saye ta a hannun wani dattijo a bayan garin Houston tana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Injinta 350 ne, wato lita 5.7, daga zuriyar ƙaramin V8 ɗin nan da aka fara ƙerawa a 1955. A nan Amurka kayansa ba su da iyaka, kuma yawan nan ne ya ruɗe ni. Na zaci tunda duk na injin ɗaya ne, kowanne ka ɗauko zai zauna da ɗan'uwansa lafiya.

Sau biyu na haɗa injin nan. A karon farko na sa kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, irin na da, mai tafet mai shafaffen gindi, saboda araha. Tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke zaune a kan kamshaf, yana ɗaukar bugunsa zuwa bawul. Na haɗa shi da sifirin bawul masu taurin gaske, wai ni mai son ƙarfi, na zuba baƙin mai na kanti. Ban kula cewa man zamani an rage masa sinadarin zinki don kare matatar hayaƙin salansa ba, alhali irin wannan tafet da shi yake rayuwa. Kuma ƙa'ida ita ce da an tayar da injin a riƙe shi a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 ko 30. Ni kuwa na bar shi a silo ina neman inda ruwa ke ɗiga.

Ba a rufa sati uku ba sai ga ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Na buɗe murfin sama, rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, bakwai na rawa, ɗaya sai ɗan gyaɗa kai yake. Da na zaro tafet ɗinsa, gindin ya rarake kamar cokali. Na yanka matatar mai, ciki sai ƙyalli yake kamar an barbaɗa kwalli. Laifina ne, ba na maƙeri ba. Dole aka sake tarwatsa injin aka wanke.

A karo na biyu na sayi saitin da nake wannan sharhi a kansa: kamshaf mai tafet mai taya, wato mai ɗan taya a gindi da ke birgima a kan kamshaf, irin wanda ake yi wa tsofaffin injina. Chevrolet ta fara sa irinsa a wannan zuriyar injin daga masana'anta a 1987, nawa kuwa ya girmi wannan, don haka tafet ɗin bibbiyu suke zuwa, an ɗaure su da ɗan ƙarfe kada su juya. Kuɗin ya ninka na farko kusan sau uku, na daɗe ina jujjuya katin banki kafin na biya. Na zaɓi matsakaici, mai buɗe bawul digiri 218 a ma'aunin inci 0.050, yana ɗaga shi kusan rabin inci. Mai shago ya so ya tura mini wanda ya fi shi girma, na ƙi. Babban kamshaf daɗin ji gare shi a silo, amma yana rage iskar da birki ke zuƙa, kuma mota mai nauyi sai ta yi sanyin tashi.

Inda aikin yake shi ne abin da kwali bai zo da shi ba. Kan injin da na sa Vortec ne, wani samfurin Chevrolet na 1996 zuwa sama, mai numfashi da kyau. Sai dai yadda ya fito, da ɗagawar bawul ta haura wajen inci 0.450 zuwa 0.480, marikin sifirin na iya dukan robar bawul. Nawa kamshaf ya wuce nan. Ko dai a kai wa mai injin yanka ya rage, ko a sa sifirin nan mai tsukakken kai. Na biyun na yi, kuma na auna bawul 16 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ban yarda da takarda ba. Tsofaffin rokokina ma ba su yi ba, Vortec na son masu ɗan leɓe da ke riƙe kan bawul da kansu.

Sai fushrod, sandar da ke tsakanin tafet da roka. Na asali inci 7.800 ne, tafet mai taya kuwa ya fi tsawo, don haka gajere ake buƙata. Kada ka yi oda da ka. Na shafa baƙar maka a kan bawul, na sa fushrod na gwaji mai zare, na juya injin da hannu zagaye biyu, na cire roka. Layin da ya bari ya karkata can gefen salansa. Na rage tsawo kaɗan-kaɗan har ya dawo tsakiya, siriri, sannan na saya. Wannan kaɗai ya ci mini yammacin Asabar guda, har uwargida ta leƙo gareji tana tambaya ko a nan zan kwana.

Ƙorafina a kan saitin ɗaya ne. Ba a sako ɗan maɓallin da ke hana kamshaf zamewa gaba ba, kuma takardar ba ta fito fili ta ce sai da shi ba, ga batun haƙorin distiributa da dole ya dace da ƙarfen kamshaf. Wani abokina bakanike ne ya ankarar da ni ana gobe zan rufe gaban injin. Kayan da aka biya wa wannan kuɗi bai kamata su bar mutum yana cigiya ba.

Ranar tayarwa kuwa babu fargabar da na sha a baya. Na ɗaure kowane roka rabin zagaye bayan ya daina wasa, na murza makulli, ya kama, na bar shi a silo ina shan shayi. Wata takwas ke nan, na canza mai sau biyu, na yanka matatar mai duka biyun, tas. Motar na jan tirela ba gardama, da safe ma ba ta yin ƙara.

Idan motar ta hawa ce kullum kuma aljihu zai ɗauka, ni dai mai taya zan sake saye. Rokokin 1.6, masu ninka ɗagawar kamshaf sau 1.6, da na saya cikin zumuɗi kuwa suna nan a kwalinsu. Da na lissafa, za su kai ɗagawar wajen inci 0.530, abin da ban auna kan injina a kai ba, sai na bar na 1.5 a ciki.