Eriyar waje ta rauta: kayan na da kyau, amma sai an samu mai kafawa da ya sani

Masu tambayata kan eriyar nan da ake haɗawa da rauta (na'urar raba intanet a gida), to ga abin da na gani. Farar aba ce mai faɗi, waya biyu ke fitowa ta bayanta saboda eriya biyu ce a ciki, ɗaya ta karkata dama ɗaya hagu, wai MIMO. A wajen Terminus a nan Jos na saya, mai shagon ya haɗa ni da yaronsa ya zo Dogon Dutse ya kafa min.

Yaron nan gaskiya ya san aikinsa. Yawanci mutane a ƙarfen tankin ruwa suke ɗaurawa tunda ya fi ko'ina tsawo, shi kuwa cewa ya yi "Oga, ƙarfe da ruwa ba sa shiri da sigina, a nemo min fayif daban." Ƙarfen da ke kusa yana dawo da sigina ne, wanda ya dawo ya haɗu da wanda ya zo kai tsaye wani lokaci su kashe juna, kuma har inda eriyar ke fuskanta sai ya karkace, kana ganin ta kalli mas ɗin (dogon ƙarfen kamfanin sadarwa) amma ƙarfinta ya tafi wani wajen. Kwanon rufi ma haka, shi ya sa ya ɗaga ta sama sosai. Ya buɗe shafin rauta a wayarsa yana juyawa a hankali yana duba RSRP, wato ma'aunin ƙarfin sigina, ya ce kusa da -110 ba komai za ka yi ba, wajen -85 kuwa ka huta.

Amma fa kar a yaudare ku, ba ta huda dutse, mu 'yan Jos mun san matsalarmu. Sigina na 800MHz yana iya ɗan kewayewa, na 3500MHz da 5G ke hawa kuwa ko mangwaron maƙwabci ya jiƙe da ruwan sama sai ka ji a jikinka. In dutse ne tsakaninka da mas, juya ta ka nemi wani mas ɗin.

Abin da bai min ba, wayar da ta zo da ita gajera ce, in ka ƙara tsawo kuma sigina na zubewa a hanya, dole rautar ta koma ɗakin yara kusa da taga. Kuma babu abin kare tsawa a kwalin, da damunar garin nan wallahi ku sa a haɗa muku da wayar da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa tun ranar farko.