Ragar gasa nama: sitenles ko baƙin rodi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ragar taka ta riga ta cinye kuma kana tambaya tsakanin a walda maka ta sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ko ta baƙin rodi, ni dai kai tsaye zan ce maka ka yi ta sitenles, amma da sharaɗi.

Tawa a kan rabin duro take, mai waldan unguwarmu ne ya haɗa min da rodin sitenles mai kaurin milimita 8, ya bar tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba tsakanin sanda da sanda saboda kada tsoka ta zurara cikin garwashi. Wallahi tun da aka yi ta ban san wani abu wai kankare tsatsa ba, duk babbar sallah a kanta ake gasa hanta da haƙarƙarin layya, maƙwabta ma har aro suke aikowa, in an gama da sauran zafinta uwargida ta sa soson waya da ruwan omo ta goge a jingine a bayan kicin, damina ta zo ta wuce tana nan. Kifi ne ma ya fi burge ni, in ka bari ta yi zafi ka shafa mata ɗan man gyaɗa tarwaɗa ba ta barin fatarta a jiki.

Baƙin rodi kuwa araha ce kawai. Masu tsire da balangu da suke hura wuta kullum yana yi musu, don kitse ba ya barin ƙarfen ya bushe balle ya yi tsatsa, amma kai da za ka yi gashi yau sai bayan wata uku, tsatsa za ka tarar har ta ci gindin waldar. Na yi irinta a da, ba na marmari.

Sharaɗin shi ne waldar. Ka tsaya a kan mai waldan ya sa ilaktirod, wato sandar da ake narkarwa wajen walda, na sitenles mai lamba 308, in ya sa 6013 ɗin nan da suke haɗa ƙofa da taga to sandunan za su zauna fes amma duk mahaɗa sai ta yi ja ta fara ɓallewa, ka ga an yi asarar kuɗin kenan. In akwai mai waldar agon, wato wadda ake yi da iskar gas ta agon, kusa da kai ya fi, aikinsa ya fi tsafta. Sannan sitenles yana saurin lanƙwashewa in zafi ya yi masa yawa a waje ɗaya, ka ce ya fara ɗiɗɗiga waldar nan da can kafin ya bi ya cike, kuma kada ya goge da buroshi ko faifan da ya yi aikin baƙin ƙarfe da shi, ɓurɓushin yana maƙalewa ya jawo tsatsa. Wajen awo a rage kaɗan daga bakin duron, ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, wajen sayen rodin ka buɗe ido. In kana Kano ka duba Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, sai dai ko a ina ne ba a rasa marasa tsoron Allah da za su ba ka sitenles mai lamba 201 su rantse mai lamba 304 ne, wato wanda ya fi inganci. Shi 304 yana da sinadaran ƙarfe na kuromiyom wajen kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, shi ya sa yake jure ruwa, 201 kuwa an rage masa nikel ɗin sosai. Ka tafi da maganaɗisu, in ya manne wa rodin da ƙarfi kada ka saya, amma ka sani 201 ma ba ya kama maganaɗisu, don haka gara ka ja mai waldan da ka yarda da shi ku je tare ya zaɓa da hannunsa.

Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ka da wayar shinge mai sheƙi ko ragar tsohon firij wai ai duk ɗaya ne. Shafe aka yi musu a sama, wuta na taɓawa shafen zai ƙone ya bi naman da yara za su ci, hayaƙin zink ɗin da ake shafa wa wayar shingen ma shi kansa mai waldan yana sa shi zazzaɓi. In kuɗin mili 8 bai kai ba ka yi mili 6, a sa maka sanda ɗaya a gicciye ta ƙasa a tsakiya don kada ta lotsa.