Kafin ka sayi tsohuwar ƙaramar tarakta don kwashe dusar ƙanƙara

Salam 'yan uwa mazauna Amurka da Kanada. Duk shekara da Oktoba ta kama sai wayata ta dame ni, Malam wace tarakta zan saya, bayana ya gaji da shebur. To bari in yi bayanin sau ɗaya kowa ya samu. Mu da muke arewacin Ohayo kusa da tafkin Erie mun san halin ƙanƙarar nan, ka kwanta ƙofar gida fes ka tashi da asuba ta kai gwiwa, ga motar hukuma ta bi titi ta tara maka tudu mai tauri a daidai inda za ka fito da mota, kuma ƙarfe bakwai ake jiranka a wurin aiki.

Da farko dai ba duk abin da ke da kujera da sitiyari ne tarakta ba. Waɗannan na manyan kantuna masu jikin gwangwani don yankan ciyawa aka yi su, ka ɗaura musu garmar ture ƙanƙara hunturu biyu giyar ta mutu. Wadda nake nufi ita ce mai kaurin ƙarfe, za ka gane ta daga tayar baya, inci 12 ce kuma da notuna aka ɗaure ta kamar ta mota, yawanci guda biyar. In ka ga taya an zura ta a sanda an danne da ɗan ƙarfe ɗaya, wuce abinka.

Ni dai ban ɓoye ba, Wheel Horse nake so, jar nan mai kan doki. Elmer Pond da ɗansa Cecil ne suka fara ƙera ta a South Bend ta jihar Indiyana a 1946, kamfanin Toro ya saye su a 1986 amma ya ci gaba da yin ta kusan a tsohon fasalinta har 2007, wannan ne ma sirrin. Tun daga shekarun 1970 maƙalar kayan aikinta kusan iri ɗaya ce, garmar da aka yi wa samfurinta C-120 ko C-160 sai ta hau 312-8 wadda ta zo bayansu da shekara goma ba tare da ka kira mai walda ba. Tana tuna min da Peugeot 504 a gida, motar da kowane bakanike a gefen hanya ya san cikinta. Bel ɗaya ne daga inji zuwa giya, ka taka kuloci ya saki, ka ɗaga ƙafa ya kama, shikenan. Giyar kuwa ƙarfen zubi ce, takwas, shida gaba biyu baya, kuma ƙaramar giyar nan mai tafiyar hawainiya ita ake buƙata idan ƙanƙara ta jiƙe ta yi nauyi, injin na ihu da cikakken ƙarfi ita kuma tana shiga a hankali tana ci. Garmarta ba a hanci take rataye ba, ƙarfenta ya bi ta ƙarƙashi har gindin tayar baya, saboda haka in ka daki tudu ƙarfin daga baya yake fitowa, gaban ba ya lanƙwashewa.

Sai injin, Kohler jerin K, fistin ɗaya, shi ma ƙarfen zubi. K241 ƙarfin doki 10, K301 doki 12, K321 doki 14, K341 doki 16. Don garma doki 10 ya isa har ya yi yawa, amma in mai feso za ka ɗaura, wato abin da ke kwasar ƙanƙara yana wurgi da ita gefe, nemi 12 zuwa sama. Nawa K301 ne, na sauke shi a gareji cikin bazara da sifana da ɗan littafinsa, na kai wa masu gyaran inji suka rarake silinda suka ba ni fistin da zobba daidai sabon awo, na haɗa da kaina cikin asabar uku. Ranar da ya tashi a bugu na biyu, ƙarar nan tasa mai nauyi dum dum dum, wallahi har maƙwabcina sai da ya leƙo. Kayan gyaransa kuma har gobe ana samu.

Sauran fa? John Deere 318, wadda aka yi daga 1983 zuwa 1992 a Horicon ta Wiskonsin, tarakta ce ta gaske, sitiyarinta da ɗan yatsa ake juya shi, amma rabin kuɗin koren fenti kake biya, kuma injin Onan da ke cikinta ranar da ya nemi gyara aljihunka zai ji a jikinsa. Yayarta 317 ta yi ƙaurin suna saboda injin KT17 na farko da ba ya samun mai sosai a kan gangare, sai ka tabbatar an canza shi. Cub Cadet ta zamanin International Harvester, 1961 zuwa 1981, ƙarfi kamar jaki, ban raina ta ba, sai dai akwai mai siririn jiki akwai mai faɗi kuma kayan wannan ba sa hawa waccan kai tsaye, sabon shiga nan yake ruɗewa. Case da Ingersoll komai da matsin mai suke yi, ranar da tiyo ya fashe a tsakiyar Janairu ka shiga uku. Bolens da Simplicity suna da masoyansu, ni neman kayansu ya fi ƙarfin haƙurina.

Maganar abin da za ka ɗaura a gaba gajeriya ce. Garma mai inci 42 ko 48 ta fi sauri, ba ta da abin lalacewa, amma zuwa Fabrairu za ka rasa inda za ka tura ƙanƙarar. Mai feso mai hawa ɗaya, wato ƙarfe ɗaya ke kwasa shi ke wurgawa, yana wurgi da ita nesa in busasshiya ce, in ta jiƙe maƙogwaronsa na toshewa. Mai hawa biyu, wanda aka ƙara masa fanka mai wurgawa, ya fi kowa cin tudu amma nauyinsa sai ya sa sitiyari ya zama aikin ƙarfi. Ni garma nake bari a jiki, mai feson yana gefe don manyan ranaku. Ko wanne ka zaɓa, in ba sarƙa a taya ba nauyi a baya, wuri ɗaya za ka tsaya kana murza taya.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan aka ƙone ni. Shekarar da na fara, ƙanƙarar farko ta riga ta sauka, hankalina a tashe, na ga wata a intanet tana sheƙi an rubuta wai an sabunta ta gaba ɗaya. Ba zan faɗi irinta ba don laifin ba na masu ƙera ta ba ne. Na yi tafiyar awa biyu, na tarar mutumin ya riga ya tayar da ita tana aiki a ƙofar gida, ni kuma a lokacin na ɗauka kirki ne ya yi min. Ashe don kar in ga yadda take wahalar tashi da sanyi ne, da shuɗin hayaƙin da take tuƙowa a minti na farko. Baƙin man da ya zuba mai kauri ne kamar zuma don ya rufe ƙarar bugun da ke ciki. Fentin kuwa har kan giris da wayoyi da tsatsa aka fesa shi, ko wankewa ba a yi ba. Ya haɗa min da mai feso a matsayin gyara, sai da na zo gida na ga babu maƙalarsa, babu sandar ɗagawa, babu bel, ba ma na wannan taraktar ba ne sam. Ƙarshen abin wata asuba a Janairu na hau na taka kuloci giya ta ƙi motsi ko kaɗan. Na jawo ta ciki ta kwana biyu a ɗumi, na kwance notin ƙasan giya, ruwa ne ya fara zubowa garau kafin wani abu mai kalar kunun gyaɗa ya biyo baya. Shekaru ta yi a waje ruwan sama na bi ta yagaggiyar robar sandar giya, sanyi ya zo ya daskarar da shi.

Don haka ɗan uwa, ka gaya wa mai ita tun a waya kar ya tayar kafin ka iso, in ka je ɗora hannunka a kan injin, in da ɗumi ka san akwai magana. Zaro sandar gwada mai ka shinshina, in kana jin fetur kabureta na zuba ciki. Duba man giya da idonka. Kama tayar baya ka girgiza, ka leƙa inda giya ta haɗu da gangar jiki ko akwai tsagewa ko sabuwar walda, wannan ko a Wheel Horse ɗin da nake yabo ana samu in an wahalar da ita. Kar wani ya ruɗe ka da agogon gwada matsin inji, yawancin jerin K suna da wata dabara da ke rage matsi lokacin tayarwa, lambar da za ka gani ba za ta gaya maka gaskiya ba. Lambar da ke kan ɗan farantin jiki ita za ka karanta, takardar da aka manna a murfi kowa na iya sayo sabuwa ya liƙa, an sha mayar da doki 10 ya koma 14 ta haka. Kayan gaba kuma a ɗaura su a gabanka, a kunna, ka ga suna juyawa suna hawa suna sauka, ka ƙirga kowane ƙarfe kafin ka sa a mota, don ɗan maƙalin da ya ɓata wani lokaci ya fi mai feson wahalar samu.

Ga kuma 'yan damfara zalla da ke cika Facebook da Craigslist da zarar sanyi ya shigo. Hoton taraktar wani suke ɗauka su sa farashi mai araha, su ce mutane sun yi layi ka turo kafin alƙalami a ajiye maka, ko wai mai ita yana aikin soja a wani gari za a aiko maka har gida. Ba a cinikin biri a sama, ko sisi kar ka tura sai ka taɓa ƙarfen da hannunka. Haka kaburetocin nan sababbi masu arahar banza, wani ya yi aiki wani ya ƙi, kar ka yar da ta asali, wanke ta ka canza mata kayan ciki ta fi su. Fetur mai gaurayen etanol shi ke cinye ta in ya kwana wata da watanni, nemi marar gauraye in akwai a kusa da kai, kuma lokacin sanyi ka sauke baƙin man SAE 30 ka zuba mai ruwa-ruwa irin 10W-30.

Dan Allah kar ka dumama inji a gareji a rufe, hayaƙin na kisa ba ka ji ba ka gani. In maƙogwaron mai feso ya toshe, kashe injin ka zare makulli ka sa sanda, ban da hannu ko da safa. Lokacin saye kuma Afrilu ne zuwa Yuni, sa'ad da masu ita ke neman wurin ajiye kaya a gareji, ka samu bazara guda ka bi ta noti bayan noti kafin Nuwamba.