Fitilar sola mai hula, bayan wata shida a tsakar gidanmu

Na sayi wannan fitila ne a ƙarshen damina, bayan na gaji da babbar fitilar sola da ke kan katangarmu, wadda take kwana a kunne tana haska sama da tagar maƙwabta fiye da yadda take haska ƙasa. Sabuwar tana da hular ƙarfe da ta rufe ƙwan ta sama da gefe, don haka haskenta a kan ƙofa da daɓen tsakar gida kaɗai yake sauka. Tana kuma da na'urar jin motsi, wadda ke ƙara mata ƙarfi idan mutum ya gifta, ta kuma rage shi bayan ɗan lokaci.

Launin hasken ne ya fi burge ni. A jikin kwalinta an rubuta 3000K, wato haske mai ɗan ja irin na fitilar ƙwai, saɓanin 6500K da ya cika kasuwa, wanda yake fari fat yana kashe ido. Farin haske yana ɗauke da shuɗi mai yawa, shuɗi kuwa ya fi sauran launuka watsuwa cikin iska, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa sararin samaniyar birane ke yin fari-fari da dare har taurari su ɓace. Ƙungiyar DarkSky International, mai yaƙi da gurɓata duhun dare da hasken lantarki, wadda aka kafa a Amurka a 1988, tana ba da shawarar kada fitilar waje ta wuce 3000K, kuma a rufe ta ta sama. Lamarin ba ƙarami ba ne, domin taswirar hasken dare ta duniya da masana suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin sararin da hasken lantarki ya gurɓata.

A daren da muka cire tsohuwar fitilar, muka shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, sai ga taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta sun fito sarai ta gabas, kuma ranar ce ƙaramar 'yata ta fara ganinsu da idonta, alhali ni na tashi ina ƙirga su a ƙauye. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Fargabata ta farko ita ce tsaro, amma na ga akasin abin da na zata. Tsohuwar takan cika ido da haske ta bar lungunan gida baƙi ƙirin, wannan kuwa tana barin ido ya saba da duhu, kuma ƙaruwar haskenta farat ɗaya ita kanta sanarwa ce cewa wani abu ya motsa.

Tana da nata aibin. Lokacin hunturu, idan ƙura ta rufe farantin solar, batirinta kan mutu kafin asuba, sai an riƙa goge farantin a kai a kai, sannan kyanwa ma tana iya tayar da ita. Duk da haka ina ba da shawarar a saye ta, da sharaɗin a duba lambar da ke jikin kwali, kuma a tsaya a kan mai ɗaurawa ya kifa fuskarta ƙasa, domin da yawansu sun saba ɗaga ta sama.