Ruger American .308: Gyaran Saiti Kafin A Shiga Daji

Ruger American, wadda kamfanin Ruger na Amurka ya fitar a 2012, bindigar farauta ce mai sauƙin kuɗi; .308 shi ne nau'in harsashin da wannan samfurin ke ɗauka. Bututunta ba laifi. Rauninta yana jikin ƙotar roba. Gaban ƙotar na lanƙwasa, yana taɓa bututu ya ɓata girgizarsa, sai harsasai su warwatsu. A zura takarda tsakaninsu daga gaba har gindi; inda ta maƙale, a goge robar da sanfefa har ta wuce sumul.

Sukurori biyun da ke riƙe ƙota a ɗaure su daidai, wajen fam-inci 65 (ma'aunin ƙarfin ɗaure sukuri), ba da ƙarfin tuwo ba. Na madubin hange kuwa fam-inci 15 zuwa 18 ya isa; wuce haka na matse jikin madubin.

Nauyin jan kunamarta na saituwa tsakanin fam 3 zuwa 5. Kada a taɓa ta sai an tabbata babu harsashi a ciki.

Bututun siriri ne, saurin zafi gare shi. Harbi uku a yadi 100 da bindigar a bisa buhun yashi, a bari ya huce, sannan a gwada harsashi mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 150 da na 165.