Shagon jaket ɗin fata na sojan sama a Ƙofar Wambai: kaya akwai, amma ka shiga da idonka

Masu tambayata inda ake samun jaket ɗin fata irin na matuƙan jirgin yaƙi a Kano, to akwai wani ɗan shago a cikin 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, lungu ne sosai, mai shi wani dattijo ne da ba ya taɓa komai sai kayan sanyi, kwat-kwat da suwaita da jaket. Na fatar a can ciki yake rataye su saboda ƙura, sai ka tambaya yaron shagon ya sauko maka da su da sanda. Ni dai shagon ya yi min, kuma zan ce a je, amma akwai magana a kai.

Abin da ya fi burge ni da Alhajin ba ya hana ka duba kaya. Ka juya jaket ciki ya koma waje, ka fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, ka shinshina, ka ja zif sama da ƙasa, ba zai haɗe rai ba. Kuma in leda ce zai faɗa maka leda ce, wannan kam na shaide shi, don a gabana wani saurayi ya ɗauki wata baƙa mai sheƙi Alhaji ya ce masa “ɗana ajiye wannan, kafin hunturu biyu za ta fara ɓarewa.” A kasuwar da kowa ke rantse maka orijinal ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Inda muke samun saɓani shi ne maganar shekaru. Yaron shagon duk jaket ɗin da ya ga tambarin fuka-fuki ko tutar Amurka a jiki sai ya ce ta yaƙin duniya na biyu ce, kuma ya ɗora kuɗi a kan haka. Ba na jin da mugunta yake yi, haka ya ji ana faɗa, amma mai saye ne zai ji a aljihu. Yawancin abin da ke fitowa in an fasa dila kwaikwayo ne na shekarun 1980 da 1990 da kamfanoni suka ɗinka wa farar hula, wasu ma fatarsu mai kyau ce sosai, sai dai ba su taɓa shiga jirgin yaƙi ba.

Wadda aka fi kira ita ce A-2, ta sojan saman Amurka, a 1931 aka tsayar da ita a matsayin kayan aiki, da fatar doki aka fi yin ta, wasu kuma fatar akuya, aka daina ba da kwangilarta tun yaƙin bai ƙare ba saboda an koma na yadi, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka dawo da ita. Ta ainihi ta lokacin yaƙi gane ta ba wuya in ka san abin dubawa. Bayanta falle ɗaya ne babu ɗinki a tsakiya, aljihu biyu ne kacal a gaba masu murfi, babu aljihun gefe na zura hannu, babu na ciki, sannan a wuya akwai ƙaramin ƙugiya na ƙarfe. Lebul ɗin yana ɗauke da Type A-2 da lambar zane 30-1415 da lambar kwangila da sunan wanda ya ɗinka, irin su Rough Wear ko Aero Leather ko Dubow, girma kuma da lamba ne kamar 38 ko 40 ko 42. Zif ɗin Talon ne ko Crown ko Conmar. To wadda yaron ya miƙo min zif ɗinta YKK ne, lebul ya ce L, ga aljihun ciki har da taswira an buga a shafin. Na ce masa ƙanina wannan kam ba ta ga yaƙi ba, Alhaji ya yi dariya ya ce a rage min kuɗi in ina so.

Gaskiyar magana A-2 ta 1942 ba abin da za ta zo yi a dilar gwanjo, masu tara su a Amurka da Japan da Ingila suna bin su da dala mai yawa tun kafin su bar can. Har kwaikwayon ma akwai na manya, irin na Eastman a Ingila da Buzz Rickson's da Real McCoy's a Japan, waɗannan in Allah ya sa ka ci karo da ɗaya kar ka tsaya dogon ciniki.

Abin da za ka iya dacewa da shi da gaske G-1 ce, ta matuƙan jirgin saman sojan ruwan Amurka, mai kwalar gashin tunkiya, don ita an daɗe ana ɗinka ta shekara da shekaru. Ita na saya a wajensa. Fatar akuya ce ruwan ƙasa mai duhu, in ka kawo ta kusa da ido za ka ga 'yan ƙananan ƙuraje-ƙurajen nan na fatar akuya, aljihunta da maɓalli, bayan kafaɗa an yi mata naɗi don hannu ya samu sakewa, a filafin da ke bayan zif kuma an huda USN, wato sojan ruwan Amurka, da ƙananan ramuka. Lebul ɗin ya koɗe amma ana karanta MIL-J-7823D da Star Sportswear, lambar kwangilar ta fara da DSA100 sai 68, wato 1968 ke nan, lambobi biyun nan su ne shekarar. Kwalar ta yi ja-ja saboda tsufa, kuma haka gashin gaske yake yi, na baya-bayan da aka koma yi da gashin roba ba sa sauya kala haka. Ya sa mata naira dubu 120, muka daidaita a dubu 90, na yi masa transfa.

Mu 'yan Kano ma bai kamata a yi mana wayo a kan fata ba, Majema na nan kusa da kasuwar, dukawa na Kurmi, jar akuyar Sakkwato kuwa tun zamanin fatake fatarta ke tsallaka sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. In ba ka yarda da idonka ba ka tafi da baduku ɗaya, da ya matsa ta a hannu zai faɗa maka akuya ce ko saniya ko leda.

Aibin shagon na biyu ajiya ce. Wurin ba iska, da damina fumfuna na kama wasu, na ga wata B-3 mai gashi ciki, irin ta ma'aikatan jiragen jefa bam, hammatarta ta bushe ta tsage, kuma fatar tunkiya in ta fara haka ta gama, ɗinki ba ya riƙe ta. Tawa ma asu ya ci saƙar ulun bakin hannu ɗaya, kuma Alhaji ba ya karɓar kaya in sun fita, don haka duba komai kafin ka biya, musamman hammata da gwiwar hannu da ƙasan zif. Gyara ma ba ya yi, sai ka nemi telan da ke da keken ɗinkin fata, kuma dan Allah kar ka bari ya cire lebul ko ya canja zif in yana aiki, rabin darajarta a nan take. Kar a shanya ta a rana, kar a labta mata kiwi na takalmi, ɗan man kaɗanya kaɗan a tsumma ya isa, shi ma a fara gwadawa a ciki don yana sa fata duhu.

Lokacin zuwa shi ne kafin sanyi ya kankama, wajen Oktoba, don da Disamba ta shiga kuɗi ya tashi kuma masu kyan an kwashe. Girman ma a kula, yankan soja gajere ne yana tsayawa a ƙugu, a kan wando da riga yake zama, in a kan kaftani za ka ɗora ka ƙara lamba ɗaya. B-3 kuma ko ka samu lafiyayya ta fi ƙarfin sanyin Kano, sai dai mai tuƙa babur da asuba.