Gargaɗi: mai tallan takalman yara "na Turkiyya" ta cinye mana N124,000

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Duk wadda ke cikin zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp a nan Kano ta buɗe idonta. Akwai wata mata da ke tallan takalman yara, wai fata ce zalla daga Turkiyya, wai don lokacin zafi aka yi su, ƙafar yaro ba ta gumi a ciki. Ƙarya take yi. N124,000 ta karɓa a hannuna. Dubu ɗari da ashirin da huɗu. Kuma ba duka nawa ba ne, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ba zan kama sunanta yanzu ba, Baban yara ya ce in dakata tunda magana ta je gaban hukuma. Amma komai yana wayata: rasit ɗin tura kuɗi, sikirinshot na hirarmu, muryoyin da ta riƙa turo min, bidiyon da ta yaudare ni da shi. Zan ɗora su, bari dai in rufe lambobin mutanen da ba ruwansu.

Kafin wata ta zo tana ce min araha ba ta ado, ku ji farashin. N12,500 ƙafa ɗaya. Takalmin yaro ɗan firamare fa. Wace araha ce a nan? Da araha nake nema ai na san hanyar Ƙofar Wambai, na san hanyar Sabon Gari, da wannan kuɗin sai in cika leda da silifas. Abu mai kyau na nema wa 'ya'yana, kuma ina da dalili.

Kowa ya san yadda bazara take a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura maki 40, kwalta har laushi take yi, rairayi kuwa ba a taka shi da tsakar rana. A lokacin ne yara ke dawowa daga boko, wajen ƙarfe biyu, su ci abinci su sake fita Islamiyya rana na tsaka da dukan ƙasa. A Islamiyya kuma a bakin ƙofa ake tuɓe takalma, su yini a rana, a tashi yaro ya zura ƙafa cikin baƙar roba da ta gama gasuwa. Bara haka autana ya yi fama, tsakanin yatsunsa ya yi fari ya daddare, cin ruwa ba damina ba, gumi ne kawai da takalmin roba sau-ciki. Ga wari. Tun daga nan na ce bana ko zan ci bashi sai na saya musu na fata mai buɗaɗɗen sama.

To ita matar nan ta san wannan ciwon na iyaye, da shi take farauta. In kin ji ta tana bayani sai ki rantse ma'aikaciyar asibiti ce. "Hajiya, ƙafar yaro ba irin ta babba ba ce, fatar laushi gare ta, ƙashin ma bai gama ƙwari ba. Roba tana riƙe zafi, tana riƙe gumi. Silifas kuma ba shi da maɗauri a baya, yaro sai ya riƙa damƙe shi da yatsu yana tafiya, in ya zo gudu ya ci tuntuɓe." Ku gaya min, wanne ne ƙarya a ciki? Babu. Duk gaskiya ne, na sani tun kafin ta faɗa. Da gaskiya ta ja ni har bakin rami.

Kuma ban tura mata kuɗi haka kawai ba, ku bar ganin kamar sakarya ce ni. Na gwada ta. Kafin azumi na sayi ƙafa ɗaya tal, na babban ɗana, na biya, aka kawo min har gida. Fata ce ta gaske, ruwan ƙasa, tafin mai kauri, maɗauri gaba da baya. Yana nan, da shi ya tafi makaranta yau. Wace uwa ce za a kawo wa kaya mai kyau karon farko ta ce wannan ɓarauniya ce?

Sai azumi ya kama, farkon watan Maris ke nan na 2025, ta saka a sitatus cewa kayan Sallah na hanya, masu so su biya kafin a rufe oda. Na ce ta nuna min. Ta yi min bidiyo, ta rubuta sunana a takarda ta ajiye gefen takalman don in san ba na intanet ta ɗauko ba. Ta ɗiga ruwa a kan maɗaurin, ya shanye. Ta juya cikinsa, ga gashi-gashin fata a fili. Ta lanƙwasa tafin daidai wajen yatsu, ya lanƙwasu ya dawo. Sannan ta turo murya: "Wallahi Hajiya, da bakin azumi nake gaya miki, irin wanda kika gani shi za a kawo miki." Da bakin azumi. Na saurari muryar nan har na haddace inda take jan numfashi. Ba rawar murya, ba in-ina, har da 'yar dariya a ƙarshe tana cewa a gaida yara. Da bakin azumi fa, jama'a.

Nawa ƙafa huɗu, N50,000. Yayar Baban yara ta ga na ɗana a ƙafarsa ta ce, "Ke ina kika samo wannan?" Ni da bakina na ce, "Yaya, ai ina da mutuniyar kirki." Ta ba ni N37,500 na jikokinta uku. Maƙwabciyata ta kawo N25,000 na 'yan biyunta, kuɗin adashenta ne, a gabana ta kwance su daga bakin zani. Ƙafa tara, N112,500. Kuɗin mota N3,500.

Tsaya, na tsallake wani abu. Lokacin da zan tura kuɗin, sunan da ya fito a asusun na namiji ne, ba wanda na tura wa karon farko ba. Na tsaya, ban danna ba, na kira ta. Ta ce nata asusun ya cika, wannan na maigidanta ne. To mata nawa ne a Kano ke sana'a da asusun miji ko na ƙane? Mai yi min ɗinki haka take, mai kawo min turaren wuta haka take, ba wadda ta taɓa cin min ko sisi. Na tambaya, an ba ni amsa mai shiga hankali, na tura. Wanda ya ce shi da zai gane a nan, Allah ya ƙara masa basira.

A goman ƙarshe ta ce kaya sun iso Legas amma an riƙe su, kowa ya ƙara kuɗin fito, nawa ya kama N8,000. Ko a goman tsakiya ne ma, sai na duba sikirinshot. Na dai san bayan tarawihi ne ta kira, tana wani marairaicewa wai ita ma asara take yi. Ban je na nemi ƙari wajen Yaya ba, da wane ido? Daga aljihuna na cika. Ku lissafa: 112,500 da 3,500 da 8,000. N124,000 cif.

Jajiberin Sallah direba ya kira daga tasha, na aiki ƙanena ya karɓo. Wani ɗan buhu ne an naɗe shi da salatif. Yaya tana gidan, ta zo karɓar na jikokinta, maƙwabciyata ma ta leƙo da 'yan biyun a bayanta suna tsalle. A tsakar gida na farke shi a kan tabarma. Warin gam da fenti ne ya fara dukan hancinmu. Ƙafa biyar a maimakon tara. Ɗaya duk warin biyu na hagu ne. Na autana na ce lamba 28, an liƙa 'yar takarda mai 28, na ɓare ta, a ƙasa an buga 25 a jikin robar. Na sa farce na kankare maɗaurin, fentin ya taso kamar ɓawo, ƙarƙashinsa roba ce da wani yadi fari a manne. Tsakar gidan ta yi tsit. Yaya ta ɗauki mayafinta ta ce, "Ba komai, Allah ya mayar da alheri." Wadda ta san dangin miji ta san nauyin wannan ba komai ɗin.

Daga baya na kai ɗaya wajen wani baduku a Kasuwar Kurmi, don kada a ce zargi nake. Ko juya shi bai yi sosai ba. Ya ƙyasta ashana ya kara a gefen maɗaurin, abin ya narke ya nannaɗe yana baƙin hayaƙi. Ya ce fata ba ta narkewa, ƙauri take yi irin na babbakar kan rago. Na ce wai daga Turkiyya aka kawo. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan ko mutanen Aba ba za su yarda a ce nasu ba ne." Kuma gaskiyarsa, na sha sayen takalmin Aba ya yi min shekara.

Na koma baya. Daren Sallah na kira ta, ta ɗauka. Wai yaron shago ne ya haɗa min kayan wata, in yi haƙuri, bayan Sallah za a canza. Har da "Hajiya ki yafe ni, wallahi kunyarki nake ji." Kunya.

Kada kowa ya tambaye ni me ya sa na bar 'yata ta saka. Cikin biyar ɗin nan ɗaya ne ya shiga ƙafar wani, nata, na tsakiyar. Daren Sallah ne, kuɗi sun tafi, yarinya 'yar shekara bakwai ta sha lalle da kitso tana kuka ita sabon takalmi za ta saka. Na ce yini ɗaya dai, gidan kakarta kawai za su su dawo. Kafin la'asar ɗin ranar Sallah dunduniyarta ta yi bororo, ƙaramin yatsan ya saluɓe. Ƙarfen maɗaurin ba a yi masa shimfiɗa a ciki ba, kai tsaye yake kan fata, rana ta gasa shi ya bar mata jan shati a gefen ƙafa. A hanyar dawowa kuma gam ya saki, tafin wari ɗaya ya rabu da samansa a tsakiyar titi. Ta taka kwalta da ƙafa tsirara, ta ƙwalla ƙara, yayanta ne ya goyo ta har gida. Wata nas a layinmu ta duba ta ce kada in fasa bororon, in wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, in rufe da bandeji, in bar ƙafar ta sha iska in tana gida, in kuma ya fara ruwa ko ja ya bazu in kai ta asibiti. Alhamdulillahi bai kai nan ba. Amma sauran yawon Sallah a kan tabarma ta yi shi. N12,500 na biya aka ƙona min ƙafar yarinya.

Da na tura mata hoton ƙafar, ta buɗe, ta gani, ba ta ce uffan ba. Washegari hoton da ke kan lambarta ya ɓace. Na kira da wayar Baban yara, ta ji muryata ta kashe. Zauren nata kuwa dama ita kaɗai ke iya rubutu a ciki, masu yabon kaya duk sikirinshot ɗinsu take ɗorawa, "Masha Allah Anti kaya sun yi kyau", "Anti Allah ya ƙara kasuwa". Yanzu da na zauna na jera su, rubutun duk iri ɗaya ne, har kuskuren harafi ɗaya suke yi. A lokacin wa zai tsaya duba wannan? Kana azumi, kana lissafin ɗinki da cefane.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Wata baiwar Allah daga Zariya ta same ni, ita ma ƙafa ɗaya mai kyau aka fara kawo mata, ita ma an ce da bakin azumi. Ita ko buhun ba ta gani ba. Ashe na farkon nan jari ne, da shi ake sayen yardarki, ki je ki jawo 'yan uwanki da kanki.

Na je banki da rasit, sun karɓi ƙorafi sun ce a haɗo da rahoton 'yan sanda, mun kai. N37,500 na Yaya na biya ta, na 'yan biyu N25,000 ina biya kaɗan-kaɗan duk da maƙwabciyar tawa ta ce in bari. Ba zan bari ba, ni na kawo matar. Nawa N61,500 kuwa ban yafe ba, ban yafe ko naira ɗaya ba, Allah ya isa tsakanina da ita.

Abin haushi, a Kano nake zaune. Garin da ake jima tun kaka da kakanni, ga Majema a cikin gari, ga masana'antun fata a Sharaɗa da Challawa, fatarmu ake lodi a kai Turai. Badukun nan na Kurmi shi ya zana ƙafar yaran a kwali, ya yanka musu sandal a gabana, kuɗin bai kai nata ba.

Shawara dai ita ce kada ki biya kuɗin takalmin yaro ba ki riƙe shi a hannu ba. Ki je da yaron, da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ya saka yana tsaye, a bar faɗin babban yatsanki tsakanin yatsansa da bakin takalmin. Mai maɗauri a baya, tafi mai kauri, ƙarfe kada ya taɓa fata, kuma mai haske ya fi baƙi a wannan rana. In sau-ciki ne na makaranta, safar auduga, a riƙa shanya shi a inuwa, a kakkaɓe kafin a saka don lokacin kunama ne. In sunan asusu ya canza, ki riƙe kuɗinki ko da Alƙur'ani ta dafa.

Wadda ta san an yi mata irin wannan, ko an ce ta ƙara kuɗin fito daga Legas, ta yi min magana ta saƙo ta turo rasit ɗinta da lambar asusun da ta tura wa. Muna haɗa su wuri ɗaya, Baban yara zai kai ranar Litinin.